Zarami Mai Suyar Ƙasa

Kafin masu ƙosai su hura wuta a Azare, Malam Zarami ya riga ya hura tasa. Da an idar da sallar asuba sai ya jawo tsohon kekensa, wanda turawarsa ta fi hawansa yawa, ya nufi lambun renon dashe da ke bayan gari. A gindin wata tsamiya akwai rabin duro da aka tsaga, an ɗora shi bisa duwatsu uku kamar tukunyar biki. Zai tankaɗe ƙasa da rariyar waya, ya haɗa ta da yashi da takin da ya shekara a rami, ya yayyafa ruwa, ya juye a duron, ya cusa kara a ƙarƙashi. Daga nan sai juyi da shebur, yana sunkuyawa yana shinshina tururin kamar mai suyar gyaɗa. In ƙamshin ya yi masa sai ya janye wuta, ya rufe da buhu, ya bar ta ta huce kafin ƙwayar iri ko ɗaya ta taɓa ta. Shekara talatin da biyar ke nan wannan bawan Allah yana soya ƙasa, kuma da hankalinsa.

Mai ba ku wannan labari shi ne Alhaji Jalo, in kuwa ba ku san ni ba to ku baƙi ne. Ban taɓa zama a aji ba. 'Yata Saliha ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Ni ne na fita da shanu ɗari da ashirin a shekarar babban fari, na dawo da goma sha ɗaya, ni ne cikon sha biyu. Kububuwa ta sare ni a Disina, na yi kwana uku na tashi, ita ce ba ta tashi ba. Mota ta kife da mu a hanyar Misau, aka kwashi mutane zuwa asibiti, ni na fito ta taga ina cigiyar hulata. Na ƙetare kogi a cike ina riƙe da wutsiyar bijimi. Wanda ya ga wannan duka ba ya saurin ɗaga wa wani hannu. To yau zan ɗaga, kuma abin takaicin, Babarbare zan ɗaga wa.

Kowa ya san tsakaninmu da Barebari. Tun kaka da kakanni bayinmu ne, ko da yake in ka tambaye su sai su juya maganar su ce mu ne nasu, don ba su da kunya. Ni na raɗa wa Zarami sunan da ya bi shi. A teburin Gali mai shayi ne, wata safiya ya zo yana warin hayaƙi, na tambaye shi ko suyar ta yi ko sai an ƙara gishiri. Na ce wa jama'a yunwar Barno ce ta koro kakanninsa har suka koyi cin ƙasa. Aka bushe da dariya, suna ya kama. Shi kuwa ya kurɓi shayinsa, ya ce Bafillace bai san komai a kan ƙasa ba sai inda saniya ta taka. Shekara talatin muna haka, ni in jefa shi ya cafe, ba wanda ya taɓa kwana da fushi.

Aikin da ake biyansa a kai shi ne renon itatuwa, su maina da mangwaro da zogale. Duk inuwar da muke shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta a unguwarmu daga ledarsa ta fito. Amma abin da mata ke sa masa albarka a kai ba ya cikin takardar aikinsa. A gefen lambun yana da 'yar rumfa inda yake tayar da ƙananan ganye tun daga ƙwaya, ɗoɗɗoya da na'ana'a da lansir. Ƙwayar waɗannan ba ta kai ta riɗi ba, tsironsu kuwa in ka yi atishawa kusa da shi sai ya kwanta. Matan da ba sa fita sukan aiko mazajensu da ƙasa a gwangwanin madara, a ce masa shuka ta ƙi. Zarami ya tsoma yatsa, ya kai hanci, ya ba da amsa kamar likita. Gali ya shaida mini cewa sau huɗu na'ana'arsa tana ruɓewa a bokiti, har ya fara zargin mai shayin tsallaken titi. Zarami ya zo ya ɗaga bokitin, ya ga gindinsa ba huda, ya kuma gano a ciki Gali ke juye ruwan wankin kofi. Ya gyara masa, bai karɓi ko sisi ba, illa dai tun daga ranar kofinsa ya fi na kowa ganye. Maganarsa kullum ɗaya ce, wai yawancin shukar da ta mutu a tukunya ba ƙishirwa ce ta kashe ta ba, mai ita ne ya shaƙe ta da ruwa.

Ni duk wannan ban ɗauke shi a bakin komai ba sai daminar bana.

Matata Talatu, Allah Ya jiƙanta, 'yar garin Katagum ce. Da aka kawo ta gidana ta taho da wata ɗoɗɗoya ta kakarta, wadda ba irin ta kasuwa ba ce. Karanta baƙi-baƙi, ganyenta ƙanana, ƙamshinta yana ɗaukar na kanumfari. Shekara arba'in da uku tana nan gindin randa. 'Ya'yanmu mata huɗu suka haihu, kowacce Talatu ta dafa mata ƙauri, romon ƙafar sa na mai jego, da ganyen nan a ciki. Saura auta, Saliha. Talatu ta rasu bara waccan, ba ta ga cikin Saliha ba. Ɗoɗɗoyar ma ba ta daɗe a bayanta ba, ragona na layya ya tsinke ya cinye ta har saiwa. Na rama, don shi ma mun cinye shi, amma ramuwar ba ta dawo da ganye ba. Yayyen Saliha ba wadda ta taɓa ɗibar iri, suna ganin abin gidan uwa ba ya ƙarewa. Aka aika Katagum, aka ce ruwa ya daɗe da tafiya da tsohon gidan, ba ko tushe.

Da cikin Saliha ya shiga wata na bakwai ta dawo gida goyon ciki, kasancewar haihuwar fari ce. Tana gyaran ɗakin uwarta ta buɗe wata babbar langa, irin kwanon nan mai farin fenti da jan fure, ta tarar da kallabin Talatu a ciki da ƙulli a gefensa. Ta kwance, sai ga irin ɗoɗɗoyar nan, bai cika cokalin shayi ba. A duk duniya shi ke nan ya rage. Ta ce za ta kai wa Baba Zarami ya tayar mata, ko ta samu abin da yayyenta suka samu. Na ce ina raye ba za a kai irin matata hannun bawa ba. Mutumin da ya rayar da shanu sha ɗaya a shekarar da ungulu kaɗai ta yi ƙiba, ganyen miya ne zai gagare shi? Na yi mata alkawari ranar ƙaurinta sai unguwa ta ji ƙamshi. Washegari na maimaita alkawarin a teburin Gali, da ƙarfi.

Na ɗauki langar Talatu kanta, don a ganina iri ya fi sanin gidansu. Na cika ta da abin da kowane Bafillace ya san babu kamarsa a doron ƙasa, wato kashin shanu, ɗanye, da ɗuminsa, daga saniyata ɗaya da ta rage. Na ɗan barbaɗa ƙasar tsakar gida, na tona da yatsa, na binne kusan rabin irin. Ruwa kuwa na ba shi yadda ake shayar da garke, har na ɗara: safe da rana da yamma, sai na ga ya kwanta a sama nake dainawa. A tsakiyar marka ne fa, lokacin da ko takalmi ka ajiye sai ya yi gemu.

Kwana biyar sai ga laimar kwaɗi ta fito, guda bakwai, farare tas, kowacce da hularta kamar 'yan ɗaurin aure. Na san laimar kwaɗi mana, na taka dubunta a daji. Amma sai na yi lissafi irin na manya. Ƙasar da ta fitar da laima a kwana biyar, ai ɗoɗɗoyar da za ta fito a cikinta sai an sa tsani za a tsinka. Na rungumi langar na kai ta teburin Gali, na ajiye tsakanin burodi da gwangwanin madara, na ce wa jama'a su zo su ga ƙarfin ƙasar da ba a soya ba. Zarami yana zaune. Ya leƙa, bai ko taɓa ba.

"Alhaji, huda gindin kwanon nan, ka zubar da ɗanyen kashin, ka rage ruwa. In ba haka ba tsiron zai fito, amma ba zai kwana uku a tsaye ba."

Na ce jama'a su shaida, yau hassada ta fito fili da ƙafafunta.

Tsiron ya fito kuwa, sirara kamar zaren allura. Na yi kwana biyu ina taku ɗai-ɗai a unguwa. A rana ta uku na tarar kowanne ya tsuke a wuya, daidai inda ya taɓa ƙasa, kamar an shaƙe shi da gashin doki, ya kwanta ya narke. Laimomin kuwa sun ƙara uku. Na zauna na yi nazari mai zurfi, na gano mai laifi. Bakin Zarami ne. Ya ce kwana uku, kwana ukun aka yi. Wace shaida ta wuce wannan?

Don haka a karo na biyu na yi dabara. Na sake cika langar da sabon kashi, na binne mafi yawan abin da ya rage, na ba shi ruwa ya ƙoshi, na rufe da faifai, na tura can ƙarƙashin gadon Talatu inda ko idon kyanwa ba ya kaiwa, balle na Babarbare. Kwana shida na jawo na buɗe. Fumfuna ce fara ta shimfiɗe ko'ina kamar an saɓa auduga. Laimomin sun yi dogayen wuyoyi suna neman haske. Warin da ya bugo ni irin na rumbun da ruwa ya kwana a ciki ne. Tsiro uku na gani, rawaya, su ma a kwance.

Saliha ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko farin faranti, ta zazzage ƙullin, ta zauna da ƙyar saboda nauyin ciki, ta ƙirga da tsinken tsintsiya. Arba'in da ɗaya. Ta ɗago ta dube ni.

"Baffa, abin da ya rage na Inna ke nan. Ko ka je wurin Baba Zarami, ko ni in taka da cikin nan in je."

To, Bafillace ba ya roƙo, wannan kowa ya sani. Da hantsi na ɗauki sandata na bi ta bayan gari, na ratsa ta lambun kamar hanya ce ta biyo da ni. Na iske shi a bakin duronsa, gumi na ɗiga daga gemu. Na ce masa akuyata ce ta ɓata, ko ya ga wucewarta. Ya ce bai gani ba. Na tsaya. Ya ci gaba da juyi. Na ce akuyar baƙa ce. Ya ce Allah Ya bayyana. Na ƙara tsayawa. Ya san abin da ya kawo ni tun daga nesa, don labarin langa ya gama unguwa, kuma ya san in ya bari na buɗe baki na roƙa, to ya ci ni cin da ba zan sake zama teburin Gali ba. Da wani ne da ya ja ni a ƙasa, don na ja shi shekara talatin. Sai ya kafe shebur ɗin a ƙasa ya goge hannu.

"Akuyar nan taka, a cikin langa take?"

Na ce kusan haka. Ya ce in wuce, yana tafe.

Da ya zo, Saliha ta shimfiɗa masa tabarma, ya ƙi zama sai da ya ga majinyaci. Ya tsoma yatsa, ya shinshina, ya kawar da kai. Ya yi mana bayani a tsanake, yana kallon Saliha don ya san ita ce mai fahimta, wai. Ya ce laimar kwaɗi ba ita ta kashe tsiron ba. Ita ba ruwanta da shuka, ɗanyen kashin take ci. 'Yar aike ce kawai, ta zo ta gaya maka ƙasarka ɗanya ce kuma ta jiƙe fiye da kima, ni kuwa na ɗauki 'yar aiken na kai ta shan shayi. Mai kisan ita ce fumfunar da ke zaune cikin irin wannan ƙasa, wadda ido ba ya gani sai ta yi yawa, ita ke kama jaririn tsiro a wuya. Abincinta danshi ne da duhu da rashin iska, ni kuma na haɗa mata duka ukun har da faifai. Suyar da nake yi wa dariya, ita ke kashe ta tun kafin a shuka. Ya tsinke laimomin ya ƙunshe a takarda, ya ce a jefa a wuta, kada akuya ko kaza ta ci, balle mutum, don ba a sanin mai dafi da ido.

Ya juye langar ya wanke ta da toka. Sannan ya zaro ƙusa daga aljihu, ya ɗauki dutse, ya kife ta zai huda. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. A cikin langar nan Talatu ta fara kawo mini tuwo. Ban faɗa ba, ba kuma zan iya faɗa a gaban 'yata ba. Zarami ya dubi hannuna, ya dubi jan furen. Shi ma ya san kwanon, don duk sallah a cikinsa Talatu ke aika wa gidansa abinci. Ya juya ƙusar ya duba ta, ƙusa miƙaƙƙiya sabuwa fil, ya ce ai ta lanƙwashe, ba za ta hudu ba. Ya mayar da ita aljihu.

Kai ne ka yi wannan ƙaryar, Zarami, kuma ina roƙon Allah Ya rubuta maka ita a cikin gaskiya.

Ya zaga bayan ɗaki ya samo gindin fasasshen tulu, ya huda shi wuri biyar da ƙusar nan da ta lanƙwashe. Ya jera tsakuwa a cikin langar ya ɗora kaskon a kai. Ya ce daga yau ba a zuba ruwa ta sama. A langa za a zuba, kasko ya sha ta ƙasa, in ya ƙoshi a zubar da saura. Ga kwano bai hudu ba, ga iri a gidansu kamar yadda na so.

Sai maganar lada. Ya ce ba ya son komai, amma bayansa na ciwo, don haka ni zan soya ƙasar. Kuma hayaƙi bai kamaci mai ciki ba, sai dai a ƙofar gida. Ƙofar gidana kuwa tana kallon teburin Gali. Haka na tsuguna da babbar rigata, ni Jalo da kububuwa ta kasa, ina juya ƙasa a tsohon kaskon suya, shi yana zaune a kujerata yana cewa in ƙara wuta, in rage wuta. Gali ya bar tukunyar shayinsa ya taso ya tambaye ni ko sai an ƙara gishiri. Na ce masa asalin suyar ƙasa ta Fulani ce, Barebari a wurinmu suka gani.

Da ta huce ya zuba a kaskon tulun ya daddanna. Ya ware ƙwaya talatin ya ɗora su a sama ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsinke, bai binne ba, sai ɗan yashi da ya barbaɗa kamar mai sa wa jariri kwalli. Sha ɗayan ya mayar cikin kallabin ya ƙulle, ya ce mai hankali ba ya zuba irinsa duka a rami guda. Ya ajiye langar a bakin zaure inda ranar safe ke samu, iska na wucewa, ruwan sama kuma ba ya dukanta.

Washegari na fito na leƙa. Kowace ƙwaya ta yi fari-fari, wani abu mai yauƙi ya lulluɓe ta. Na ce shi ke nan, fumfuna ta dawo, suyar banza aka sa ni. Na ruga na ɗauko cokali zan kankare saman in zubar tun ba ta yaɗu ba. Cokalin ya taɓa yashi ke nan na ji ƙarar keke a bayana.

"Ajiye cokalin nan, Alhaji."

Ashe ya san za a yi haka, shi ya sa ya biyo kafin ya wuce lambu. Ya ce wannan ba fumfuna ba ce, rigar ƙwayar ce. Haka irin ɗoɗɗoya yake, da ya sha ruwa sai ya fitar da yauƙi ya rufe kansa, alamar yana da rai ke nan. Da ban taɓa gani ba ne don binne shi nake yi kamar gawa. Da ya makara da tsawon gaisuwa ɗaya, da na kwashe Talatu da cokali na watsa wa kaji.

Ya karɓi sandata ya zana da'ira a ƙasa kewaye da langar, ya ce ƙafata kada ta tsallake sai yana nan. Ya koya wa Saliha gwaji, ta tsoma yatsa zuwa gaɓar fari, in ƙasa ta manne to ta juya ta tafi. Ni ya ce gwajina shi ne in riƙe hannuwana a baya. Kwana arba'in da ɗoriya mutumin nan bai fasa biyowa ba, da gwiwarsa mai ciwo, wani lokaci cikin yayyafi da buhu a ka. A kwana na shida tsiro goma sha bakwai suka fito, gajeru, kore shar, wuyansu baƙi-baƙi. A mako na uku laima ɗaya ta leƙo a gefe. Na ɗaga murya daga bayan layi. Ya tsinke ta da yatsa biyu, ya ce ko soyayyar ƙasa iska na kawo mata baƙi, a dai tsallake ruwan yau. Da suka yi ganye huɗu ya raba su cikin ledojin fiya wata. Uku suka mutu a dashen, ya ce haka abin yake. Sha huɗu suka tsaya.

Saliha ta sauka lafiya, namiji. Ranar ƙauri na ce a tsige duka a zuba, don na yi wa unguwa alkawarin ƙamshi. Zarami ya zo da rezarsa ya ce ko kusa. Ya yanka kawunan goma sha ɗaya daidai saman gaɓa don su sake tofo, ya ɗaura wa uku jan zare ya ce waɗannan ba na tukunya ba ne, na iri ne, duk wanda ya taɓa su shi da shi. Ƙanwata ta dafa. Aka zuba a cikin langar nan, bayan an ɗauke kasko an wanke ta, aka kai ɗakin mai jego. Saliha ta ce kada in faɗi wannan, amma na ce ta rubuta. Ta ɗaga murfin, tururi ya bugi fuskarta, ta yi ta shaƙa har romon ya fara sanyi. Sannan ta ce, "Baffa, ɗakin ya yi ƙamshin Inna." Ni kuwa na fita na je na duba saniyata, wadda ba abin da ya same ta. Na daɗe ina dubawa.

Makon jiya Malam Zarami ya ajiye aiki, shekaru sun cika, gwiwa ta ce ta gaji. Ba kiɗa ba busa, ya share gindin tsamiyarsa ya turo kekensa ya dawo. Washegari da hantsi ya yi sallama a ƙofata. Ya miƙo mini kallabin Talatu, wanda ya karɓa wurin Saliha ban sani ba. Ƙullin da aka bari da ƙwaya sha ɗaya ya kai girman ƙwan zabuwa. Ya ce a raba biyar, kowace 'ya ta sami nata, kada a sake ajiye dukiya irin wannan a hannun mai rago.

Kai ne, Zarami, mai hancin da ke jin ciwon ƙasa. Kai ne ka ga dattijo ya zo roƙo ka taya shi neman akuya. Inuwarka muke zama, ganyenka muke sha a shayi, muna yi maka dariya kana ƙara mana. Na gode, 'ya'yan Talatu sun gode, jikan da ya sha ƙamshin kakarsa a nono shi ma zai gode in ya yi baki. Allah Ya ba gwiwarka lafiya, Ya sa ka gama da duniya kamar yadda ka gama da aikinka. A gaban Gali da jama'arsa na ce na 'yanta shi, shi da zuriyarsa. Ya ce bai taɓa jin inda bawa ya 'yanta ubangidansa ba, amma ya karɓa.

Ku kuma masu tasowa, da ku ma'aikata masu duban agogo, ku je ku ga mutumin da aka yi wa dariya shekara talatin bai fasa yin abu yadda ya kamata ba. Ku tambaye shi tun yana da bakin faɗa. In kun ga laima ta fito a tukunyarku kada ku zargi maƙwabci, ku tsoma yatsa.

Rabin duron nan nasa ne na kansa, kuma da zai tafi ya sa an sauke shi a ƙofar gidana, wai gidansa ba fili. Yanzu duk safiya ni ke hura wuta. Duk mai son soyayyar ƙasa ya zo da buhunsa, kuma in gaya muku gaskiya tawa ta fi tasa ƙamshi, shi ma ya sani. Amma in an zo zuba iri, a aika a kira Zarami. Ni har yau ban tsallake layin ba.